Yaya, wane littafin bincike za ki saya wa yarinyar: na sanyi mai kemistiri, tsofaffin Ingila ko namu na Gana?

Yaya, tun ranar sunan nan na unguwar Sawaba da kika tare ni a gindin tukunya kika ce 'yarki ta hana ki sakat da maganar littafin da muke karantawa ranar Lahadi, ke kuma kuɗin guda ɗaya ko biyu gare ki kuma ba ki so ki sayo abin da za ki zo kina da-na-sani, na ce miki bari in koma gida in rubuta a tsanake, don a cikin ƙarar sifika da kiran a kawo faranti ba a maganar littafi. Ba ke kaɗai kika tambaya ba, iyaye uku ne yanzu daga Aboabo da Asawase a nan Kumasi suka yi min tambaya iri ɗaya tun da aka ji muna karatun, shi ya sa na faɗaɗa maganar.

Bari in fara da abin da ya faru a zamanmu, don daga nan ne na gane abin da ya kamata a duba. Mu takwas ne, duk mata, muna haɗuwa bayan la'asar, ɗaya ta karanta Turancin da ƙarfi ni ko ɗayar malamar mu juya shi da Hausa saboda waɗanda Turancin bai zauna musu ba. Littafin da ya tayar da ƙurar shi ne The Sweetness at the Bottom of the Pie na wani ɗan Kanada Alan Bradley, ya fito a 2009 lokacin mutumin yana da shekara 70. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 11 a wani ƙauyen Ingila a 1950, ta gaji ɗakin gwaje-gwaje a tsohon gidansu, ba abin da take so kamar kemistiri musamman ɓangaren guba, sai ta wayi gari ta tarar da mutum yana cikawa a lambun gidansu, aka kama babanta, ita kuma ta hau kekenta ta shiga bincike. Irin wannan Turawa ke ce wa kozi, ni ina ce masa na sanyi: akwai kisa amma ba a nuna miki jini, mai binciken ba ɗan sanda ba ne, garin ƙarami ne kowa ya san kowa, kuma a ƙarshe gaskiya na fitowa.

Telar cikinmu ta kusa barin zaman a sati na farko, ta ce ita ba ta ga abin da ke faruwa ba, daga shan shayi sai surutu, ba gudu ba faɗa. Abin da ya riƙe ta daga baya ba kisan ba ne, rikicin yarinyar da yayyenta mata biyu ne, ta ce kamar a gidansu aka ɗauko. Nas ɗinmu kuwa tun shafin farko ta kamu, abin da ya burge ta yarinyar ba ta yarda da magana sai ta tambayi ta yaya aka sani, ta shinshina, ta taɓa, ta koma ta gwada. Wadda ke sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta ce ƙauyen nan ai Aboabo ne aka sa masa sanyi, labari na riga 'yan sanda isa ko'ina, amma ita ce kuma ta fi kowa jin haushin yarinyar, ta ce ba ta da tarbiyya, tana yi wa manya ƙarya ido cikin ido, har ta tatsi ruwan wani ganye mai sa ƙaiƙayi ta haɗa a janbakin yayarta. Wannan wurin ya raba mu biyu sosai. Hajiya babbar cikinmu ta ce ita abin da ta kasa haɗiyewa shi ne a ce 'yar shekara 11 na tsaye kan gawa ba ta firgita ba kuma tana yawo ita kaɗai gari-gari, a Zongo kafin ta kai bakin titi an riga an kamo hannunta an mayar wa uwarta. Sai mai koyarwa a makarantar yamma ta kawo abin da har yau nake tunani, ta ce ku lura duk mutanen garin zato suke yi, yarinyar ce kaɗai ke bin diddigi, ta tuna mana aya ta 6 da ta 12 a Suratul Hujurat, ta bincika labari kafin a ɗauka da ta nisantar yawan zato. Ni nan ne na ga amfanin irin littafin nan a unguwa irin tamu da idan kuɗin adashi ya ɓace kafin magariba an riga an yanke wa wata hukunci a baki.

To daga wannan gardamar na fitar da abubuwan da zan auna kowane zaɓi da su. Na farko kuɗi, har da kuɗin mota da data da ba a lissafawa. Na biyu ƙarko, kuma iri biyu nake nufi, ƙarkon takardar a damina irin ta Kumasi da ƙarkon labarin, wato in an san wanda ya yi kisan ko akwai abin da zai sa a sake buɗewa. Na uku sauƙi, na samu da na Turancin. Na huɗu haɗari, abin da ke ciki da ba za ki so ta gani ba tukuna da abin da zai iya sa ta gwada a gida. Na biyar nawa ne a matsayina na malamar sayans, ko kimiyyar da ke ciki gaskiya ce ko ado ne kawai.

Na sanyi mai kemistiri

Kuɗinsa ne matsalarsa ta farko. Daga waje ake kawo shi, farashin na bin dala, kuma ba kowane shago ke ajiyewa ba don shagunan littafi a nan sun fi ƙarfi a littattafan sukul da na addini. Sabo zai ci miki kuɗin gwanjo uku ko huɗu. Wanda muka karanta ma daga Accra aka taho mana da shi a hannu. In Allah ya sa kika ci karo da shi a tulin gwanjo a Adum ko wajen Tech, wato jami'ar KNUST, to ki ɗauka ba ciniki mai tsawo, amma wannan sa'a ce, ba abin dogaro ba.

Ƙarkon labarin kuwa shi ya fi duka a ganina, saboda daɗin ba a sanin mai laifi kaɗai yake ba, a muryar yarinyar yake da yadda take tunani, mun gama shi mun san ƙarshen amma mutum uku suka sake aronsa. Kuma jeri ne, akwai wasu a bayansa, wanda hakan alheri ne kuma nauyi ne, don in ta kamu za ta zo miki da maganar na biyu.

Turancin ba mai sauƙi ba ne, kar in ɓoye miki. Akwai barkwanci irin na Ingila da sunayen sinadarai da maganar kan sarki na wasiƙa da tarihinsu, yarinyar JHS, wato ƙaramar sakandare, za ta sha wuya ita kaɗai, amma taki da ke aji biyu a SHS, babbar sakandare, tana sayans za ta iya, ta ajiye ƙamus kusa kawai.

Haɗarin shi ne wanda muka yi ta jayayya a kai. Babu batsa, babu bayanin raunuka, wannan kam ki kwantar da hankali. Amma yarinyar labarin na son guba so na gaske kuma marubucin ya sa abin ya yi daɗin ji, to yaro mai son gwaji zai iya sha'awar haɗa abubuwa. Wannan ba dalilin hana littafin ba ne, dalilin zama ne a yi magana. Ki faɗa mata ƙarara ba a haɗa bilicin Parazone da ruwan wanke bayi mai asid, iskar kilorin ce ke tashi kuma tana ƙone huhu, ba a kuma zuba soda ta yin sabulu a robar ruwa ko ta lemo, nas ɗinmu ta ce ba abin da ke karya mata zuciya kamar ƙaramin yaro da ya sha sodar nan yana zaton ruwa ne, don maƙogwaron ne ke ƙonewa ya tsuke. Sannan ki ba ta gwajin da ba ya cutarwa ta huce sha'awar a kai. Ga sobolo nan, wato zoɓo, ta raba shi kofi biyu, ta matsa lemun tsami a ɗaya ta ga ya ƙara ja fes, ta sa kanwa a ɗayan ta ga ya juya ya yi duhu-duhu kore, wannan shi ne darasin asid da alkali gaba ɗaya a kicin ɗinki. Ta ɗiga aidin a kan yankan rogo ko burodi ya koma shuɗi-baƙi saboda sitaci. Ta ɗiga tawadar maka a farar takarda mai tsotsa ta tsoma gefen a ruwa ta ga baƙin ya rabu launi-launi, da irin wannan dabarar ake gane ko biro ɗaya ne ya rubuta takardu biyu. Ranar da na yi musu na sobolon a zamanmu Hajiya da kanta ta ce a sake.

Kimiyyar ciki mafi yawanta ta tsayu, mijin ɗaya daga cikinmu mai kemis ne, ya karɓi littafin ya yi kwana biyu da shi yana duba sunayen, ya dawo da shi bai da ƙorafi sai dai ya ce yarinyar ta cika sa'a. Gaskiyarsa, a irin labarin nan gwaji ɗaya ke ba da amsa, a lab na gaske sai ki yi sau biyar bai fito ba.

Tsofaffin Ingila

Nan ina nufin labaran Sherlock Holmes da na Agatha Christie, su ne kakannin abin. A kuɗi ba wanda ya kama ƙafarsu. Su suka fi yawa a gwanjo, da kuɗin waakye na mutum biyu sai ki samu ɗaya in kin iya ciniki, kuma na Holmes kyauta ne ta halal a shafin intanet na Project Gutenberg don Conan Doyle ya mutu tun 1930, akwai ma na saurare kyauta a LibriVox. Laburaren Ashanti da ke cikin Cultural Centre kusa da asibitin Komfo Anokye ma wuri ne da ya kamata ta yi rajista ko da wane zaɓi kika yi, kuɗin pragya ne, keken hayan nan mai ƙafa uku, da ɗan na kati.

A wajen kimiyya sai a raba su biyu. Christie ta san guba sanin aiki, ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a Torquay lokacin yaƙin duniya na farko har ta ci jarrabawar aikin a 1917, littafinta na farko da ya fito a 1920 ma kan yadda wani sinadari ke sa gubar da ke cikin magani ta kwanta a gindin kwalba aka gina shi. Wani nata na 1961, The Pale Horse, ya yi bayanin alamun gubar taliyom dalla-dalla har da zubewar gashi, kuma a 1977 da aka kawo wata jaririya daga Katar asibitin Hammersmith a Landan likitoci suka rasa gane ciwonta, wata nas da ke karanta littafin ce ta ce a gwada taliyom, aka gwada aka samu, yarinyar ta rayu. Da na ba su wannan labarin nas ɗinmu sai da ta yi ƙwalla. Shi kuma Conan Doyle likita ne, ya ɗauko halin Holmes daga malaminsa Joseph Bell na Edinbura, kuma tun a labarin farko na 1887 a lab aka fara nuna Holmes yana murnar gano gwajin jini, amma yana sakin layi wani lokaci, akwai labarin da maciji ke shan madara yana amsa fito, wanda duk wanda ya taso kusa da gona ya san ba haka maciji yake ba.

Abin da nake so da tsofaffin nan shi ne suna buɗe ƙofar tarihi. Telarmu ta tambaya wai da can ba inji ta yaya ake gane an sa wa mutum guba, sai na ba su labarin arsenik, wadda ba ta da wari ba ta da wani ɗanɗano kuma alamunta na kama da kwalara, mutane suka daɗe suna kashe 'yan'uwa saboda gado ba a ganewa, har 1836 da James Marsh ya fito da gwajin da ake haɗa abin da ake zargi da zink da asid, iskar da ta tashi a kunna ta a tara farantin tangaran mai sanyi, in akwai arsenik sai baƙin tabo mai ƙyalli ya fito. A 1840 aka yi amfani da shi a shari'ar Marie Lafarge a Faransa. Duk wannan yarinyar da ke shirin WASSCE za ta gane shi.

Sauƙi: gajerun labaran Holmes ana gama ɗaya a zama ɗaya, amma Turancin tsoho ne, jimloli dogaye. Na Christie ya fi santsi, 'yar JHS 3 mai ƙoƙari za ta iya. Ƙarkon labari matsakaici ne, yawancin na Christie kacici-kacici ne, in kin san amsar sai an daɗe kafin ki koma. Ƙarkon takarda kuwa shi ne rauninsu, gwanjon nan wasu sun girmi 'yarki, takardar ta yi ja, gam ɗin ya bushe, hunturu ɗaya sai shafuka su fara zubewa, kuma ki duba shafin ƙarshe kafin ki biya don littafin bincike da aka yage ƙarshensa asara ce tsantsa, ya taɓa faruwa da ni. Haɗarinsu ba jini ba ne, raini ne. An rubuta su zamanin mulkin mallaka, za ta ci karo da kalmomi marasa daɗi kan baƙar fata da Indiyawa da Larabawa, gara ta ji daga bakinki tun kafin ta gani.

Namu na Gana

Wannan ne zuciyata ta fi so in ce ki saya, kuma shi ne zan ce ki dakata. Kwei Quartey likita ne ɗan Gana da ya yi aiki a Amurka, yana da jerin labaran wani sufeto na CID, na farkon Wife of the Gods ya fito a 2009 kan al'adar trokosi, ta miƙa 'ya mace ga gidan tsafi don fansar laifin dangi, a yankin Volta, akwai wanda ya shiga rayuwar yaran titi a Accra, akwai Gold of Our Fathers da ke faruwa a Obuasi cikin ramukan galamsey na haƙar zinare ba izini, nan kusa da mu. Sai Tail of the Blue Bird na Nii Ayikwei Parkes, shi ma 2009, wani matashi masanin binciken gawa da ya yi karatu a Ingila aka tura shi ƙauye, kimiyyarsa ta haɗu da labarin wani tsohon maharbi, an cakuɗa Turanci da Twi da Burokin a ciki. Mu uku muka karanta wannan na ƙarshen kuma ba littafin da ya sa mu magana kamarsa, don tambayar da yake yi ita ce wace gaskiya ake rubutawa a rahoto kuma wace ce mutanen gari suka sani.

Daɗinsu ba sai an juya miki komai ba, trotro ne, kenke ne, cin hanci a bakin hanya ne, samfur da ake jira daga lab shiru. Kimiyyar ta zamani ce, binciken gawa, tambarin yatsa, DNA wanda sai 1984 Alec Jeffreys ya gano amfani da shi wajen bambance mutane a Jami'ar Leicester, don haka ba za ki same shi a tsofaffin ba. In yarinyar na tunanin karatun binciken laifi irin wanda ake yi a Jami'ar Cape Coast, waɗannan ne za su nuna mata aikin da ƙurarsa. Kuɗinsu kusan ɗaya da na sanyin tunda yawanci a waje aka buga, sai dai an fi samunsu a manyan shagunan Accra da na jami'a, ba sa yawan faɗowa gwanjo. Takarda sabuwa ce za ta daɗe, labarin ma ana komawa.

Amma waɗannan ba na sanyi ba ne, Yaya. Akwai gawa da bayaninta, akwai cin zarafin mata da yara, akwai giya, sufeton ma yana shan wiwi. Na manya ne. Ke ki karanta, ita ki bari ta gama SHS, ko aƙalla ki riga ta karantawa ki yanke da kanki.

Littattafan Hausa na Kano da ke yawo a WhatsApp da waɗanda ake karantawa a YouTube ba zan daɗe a kansu ba, suna da arha kuma harshenmu ne, suna kuma taimaka wa yaranmu da ke jin Hausa amma ba su saba karanta ta ba, sai dai yawancinsu soyayya ce da rikicin gidan aure, ko an sa bincike ba gwaji ke warware shi ba, wasu kuma akwai batsa sosai, sai an tace.

Ga shi a taƙaice:

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Kimiyya |
|---|---|---|---|---|---|
| Na sanyi mai kemistiri | Tsada, sai an yi sa'ar gwanjo | Ana sake karantawa sosai | Wuyar samu, Turancin SHS | Sha'awar gwaji, rashin kunyar jaruma | Mai kyau, an ɗan sauƙaƙa |
| Tsofaffin Ingila | Arha, wasu kyauta | Takarda ta tsufa, labari matsakaici | Ko'ina akwai | Kalaman raini | Christie daidai, Holmes gauraye |
| Na Gana | Tsada | Takarda da labari duk suna daɗewa | Turanci mai sauƙi, samu sai manyan shaguna | Gawa, fyaɗe, shaye-shaye | Ta zamani, kusa da aikin gaske |
| Na Hausa a waya | Arha | Yana ɓacewa da wayar | Mafi sauƙi | Batsa a wasu | Kusan babu |

Saura maganar takarda ko waya, wadda ita ma kin tambaya. Ni takarda nake so ga yarinya, dalilina ba na ƙawa ba ne, littafi ɗaya ya zaga gida takwas a zamanmu, ba ya jiran caji ranar dumso da aka ɗauke wuta, ba ya kuma buɗe mata TikTok a tsakiyar babi, kuma in tana bodin ai ba a barin waya ma. Sai dai Kumasi na da damina biyu, danshi na sa littafi funfuna, gara da kyankyaso na nan, don haka a naɗe bangon da leda kamar na sukul, kar a jingina shi da bango ko a ajiye a ƙasa, bokitin roba mai murfi ya ishe shi. Na waya in za a saya ta halal a Kindle sai da katin banki, MoMo kai tsaye ba ya yi, amma akwai manhajar Ghana Library da ake aron littattafai a ciki, ki sa ta duba can tukuna. Abin da zan roƙe ki ki guje wa shi ne masu cewa a turo musu MoMo su turo PDF, wasu su karɓe kuɗin su toshe ki, wasu fayil ɗin rabin littafi ne, wasu shafukan saukewar kuma tallan caca da tsiraici ne ke tsalle a fuskar yarinya, ga haƙƙin marubucin da aka ci, wanda in ɗan Gana ne ma abin ya fi ciwo don kasuwarsa dama ƙarama ce.

Akwai abu ɗaya da na lura da shi wanda ba ya shiga tebur. Na sanyin ya fi daɗi in ana karanta shi tare, a tsaya a ƙarshen babi kowa ya faɗi wanda yake zargi da hujjarsa, mu dokar da muka sa ita ce ba a ambaton suna sai da dalili daga cikin littafin, "fuskarsa ba ta yi min ba" ba ta karɓuwa. Sati uku da fara wannan dokar mai atamfa ta zo tana ba mu labarin yadi shida da suka ɓace mata a shago, ta ce da da ne da tuni ta sallami yarinyar shagonta, amma ta zauna ta bi littafin ciniki da saƙonnin MoMo rana-rana sai ta tarar ita ce ta ba wata bashi ranar Juma'a cikin sauri ba ta rubuta ba.

To ga yadda zan raba. Ke da kuɗin littafi biyu gare ki da yarinya 'yar sayans a SHS 2, ki sa a taho miki da na sanyin sabo daga Accra, canjin ki haɗa ki ɗauki Christie ɗaya a gwanjo bayan kin duba shafin ƙarshe, Holmes kuma ta sauke kyauta a wayarki ba tata ba. Wadda ɗanta ke JHS kuma ba ya son karatu, kar ta fara da mai tsada, gajerun labaran Holmes ɗaya a dare ita ko yayansa na karanta masa, in ya fara tambayar saura sai a ƙara. Wadda kuɗin bai samu ba wannan hutun, katin laburare da kuɗin pragya sau biyu a wata, sannan ta zo zamanmu ta sa suna a layin aro. Mai son karantawa don kanta bayan yara sun kwanta kuma jini ba ya hana ta barci, ta fara da Tail of the Blue Bird, in ta fi son ɗan sanda da bin sawu ta ɗauki na Obuasin. Masu zama irin namu da akwai tsofaffi da 'yan mata a tabarma ɗaya, na sanyin ne kaɗai ba za a kai wani shafi mai karatu ta yi shiru don kunya ba. Wadda kuma gidanta ake yin sabulu ko ake ajiye maganin ɓera da na feshin gona, ta fara kulle su a sama tukuna kafin littafin ya shigo.

Namu yana hannun nas har Lahadi mai zuwa, bayanta telar ce ta ce za ta sake, in kina so 'yarki ta leƙa babi biyu kafin ki fitar da kuɗi ki turo ta bayan la'asar, ta taho da kofi biyu da ɗan kanwa, sobolon ni zan dafa.